Zane daban gini daban, ko a damƙa wa kamfani ɗaya? Amsoshi ga masu shirin gini a Garwa da Marwa

Tambayoyin nan ba sa canzawa, ko a waya, ko a ƙofar masallaci, ko wurin ɗaurin aure. Ga su na tara wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Ta wace hanya ake ba da aikin gini?

Uku aka fi bi a nan. Ka sa a yi maka zane, sannan ka nemi ɗan kwangila ya gina abin da aka zana. Ko ka damƙa wa kamfani ɗaya zane da gini gaba ɗaya, irin wanda mutanen gari ke cewa clé en main, kai dai a miƙa maka mukulli. Ko kuma ka riƙa sayen kaya da kanka, ka ba birkila jinga.

Wacce ta fi araha?

A baki, jinga. A ƙarshe, ya danganta da yawan buhunan da suka yi ƙafa.

Dole sai na nemi izinin gini?

Dole. Dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 ce ta ce haka, ba ni ba. Je ka ofishin magajin gari.

To mene ne laifin ba kamfani ɗaya, da kake ta jan kunne?

Ban ce laifi ba ne, Alhaji. Yana da sauri, domin ana iya fara haƙa tushe ana kan ƙarasa zanen sama. Kuma in bango ya tsage, ba mai ce maka "ai mai zane ne", wancan ya ce "ai magini ne". Wuyan mutum ɗaya za ka kama.

Abin da kuke mantawa shi ne, a tsohuwar hanya, wato zane daban gini daban, mai zane naka ne, yana duba aikin ɗan kwangila a madadinka. A wannan kuwa, albashinsa daga aljihun ɗan kwangilar yake fitowa. Wanda ya yanke shawarar kaurin ginshiƙi shi ne wanda zai ci riba in ginshiƙin ya sirance. In ba ka ɗauki naka injiniya mai sa ido ba, ka ba kura ajiyar nama. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in ka gwada da kuɗin ginin, amma nan ne kowa ke fara rowa.

An yi jimla an sa hannu. Da aka haƙa tushe, ɗan kwangila ya ce ƙasar ba ta da kyau, sai na ƙara kuɗi. In biya?

Wannan ba ta amsuwa da e ko a'a, sai ka yi haƙuri.

Da farko, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya san karkarar Marwa, da hanyar Kusiri, da fadamun bakin Binuwai, ya san karal: baƙar laka da ke dararrewa da rani har hannunka ya shige cikin tsagar, damina ta sauka ta kumbura. Gida a kan irin wannan ƙasa, in an yi masa tushe na yau da kullum, damina biyu ko uku za ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ƙofa ta daina rufuwa. Saboda haka kar ka fara da kiransa ɓarawo.

Na biyu, wa ya yi zanen? In kai ka kawo, shi kuma ya sa farashi a kan abin da ya gani a takarda, to yawanci ƙarin naka ne. Sai dai a auna ƙarin ramin, da rodi, da kankare, a rubuta, ku sa hannu kafin a ci gaba, ba bayan an binne ba.

In kuwa zane da gini duk nasa ne a kan jimla ɗaya, a ƙa'ida shi ya kamata ya gwada ƙasa kafin ya faɗi kuɗi, don haka nauyin yana kansa. Amma na ce a ƙa'ida. Koma ka karanta takardar. Wasu sukan cusa layi ɗaya cewa farashin na ƙasa mai kyau ne. Wani lokacin kuma shi ya nemi a yi gwajin, kai ka ce ɓarnar kuɗi ce tunda maƙwabcinka bai yi ba. Ko ka zo daga baya ka ce a ƙara bene. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, bakinka ya mutu.

Ko da gaskiyar taka ce tsaf, ka yi tunani. Ɗan kwangilar da aka matse ba ya yin asara shiru, zai fanshe a inda ba ka gani: rodi mai kaurin milimita 12 ya koma mai 10, siminti ya ragu a kwaɓi. Sau da yawa nakan ba da shawara a kira wani injiniya da ba ruwansa da ku, ko a kai samfurin ƙasar ɗakin gwaji irin na LABOGENIE, in ƙarin ya tabbata a raba shi. Ba kowa ke jin daɗin wannan shawara ba, kuma ba kowane aiki ta dace da shi ba.

In ya ce siminti ne ya tashi fa?

Duba ko kun rubuta farashin tsayayye ne ko mai sauyawa. In ba ku rubuta komai ba, me kake so in ce? Kusancinmu da masana'antar siminti ta Figil bai taɓa hana buhu tashi ba.

Nawa zan ba da kafin alƙalami?

Gwamnati da kanta, a dokar kwangilolinta ta 2018, ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari a aikin gini, shi ma sai da lamunin banki. Tana kuma iya riƙe har kashi 10 sai wa'adin garanti ya cika. Kai da ba ka da baitulmali, don me za ka miƙa rabi ba a sauke ko tifar yashi ɗaya ba? Biya mataki-mataki: tushe, bango, rufi, gamawa.

Ina Yawunde, ƙanena ne zai kula da aikin.

Allah ya bar zumunci. Ƙanenka ya san yadda ake ƙirga rodi kafin a zuba kankare? In bai sani ba, ɗan aike ne, ba mai sa ido ba. Hoton WhatsApp kuma ba ya nuna abin da ke cikin ginshiƙi.

Na riga na fara ba takarda. Na shiga uku ke nan?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. Ku zauna gobe da shaidu biyu, a rubuta abin da aka gama, abin da aka biya, abin da ya rage da ranar gamawa. Kowa ya riƙe kwafi.

Buhu nawa ake sa wa kankare?

Na ginshiƙi da dakali mai ɗaukar nauyi, buhun siminti 7 masu kilo 50 a kowace mita kubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi), wato kilo 350. A riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, balle a zafin Maris da Afrilu. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, don haka kar ka tsaya kan kafinta kana cewa ya cire katako don kana sauri.