Kashi ɗaya cikin ɗari: wa doka ta ce a fara dubawa?

Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta kafa wani asusu a sashe na 11. Kowace shekara gwamnatin tarayya za ta zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta domin kiwon lafiya a matakin farko. Ma'aikatan lafiya BHCPF suke ce masa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55.

Rabon a rubuce yake: rabi inshora, kashi 20 magunguna da rigakafi, 15 gyaran gini da kayan aiki da motoci, 10 horar da ma'aikata, 5 agajin gaggawa. Jiha da ƙaramar hukuma su ma doka ta ce su kawo nasu kashi 25 na kuɗin aikin, kuma nan ne tafiya ta fi yin tsami, don idan ba su kawo ba aiki ya tsaya.

To me ya hana a raba wa kowa daidai? Raba daidai ba kullum ne adalci ba. Masanin falsafar nan na Amurka, John Rawls, cewa ya yi ba a yarda da fifiko a rabon arziki sai idan na ƙasan ƙasa ne zai amfana. Dokar inshorar lafiya ta 2022, mai ɗauke da sa hannun Shugaba Buhari, kusan wannan hanya ta bi. Ta wajabta inshora a kan kowa, sannan ta ware masu rauni waɗanda za a biya musu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da matalautan da ba su da halin biya.

A Filato hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ce ke yin rajista. Ana haɗa mutum da asibitin matakin farko da aka zaɓa a mazaɓarsa, kuma ana neman lambar NIN. Daga can ne ake rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti. Wanda ya tsallake ya tafi kai tsaye, sau da yawa daga aljihunsa zai biya.

Sai dai katin inshora ba ya tafiya da ƙafarsa. Mai ciki a unguwar Rayfield ta Jos ta tari keke, kafin ta gama waya ta isa. 'Yar'uwarta a wani ƙauyen Wase, da kati iri ɗaya, naƙuda ta kama ta da dare cikin damina, rafi ya cika, ɗan acaɓa ya ce ba zai tsallaka ba. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, a nan ya kafa hujjarsa: a duba abin da mutum zai iya yi da abin da aka ba shi. Asusun na sayen magani, amma ba ya gina gada ko haƙa rijiyar burtsatse. Yaron da aka warkar daga gudawa, ruwan da ya kwantar da shi zai koma sha.

Sashe na 20 na dokar 2014 kuwa bai bar ƙofa ba. Asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ba shi da ikon ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, har da rashin kuɗin ajiya. Hukuncin tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.