Waƙa ce ke lalata ƴan wasa? Tambayoyi da amsoshi

Gardamar nan ba ta ƙarewa a fadarmu ta shayi a unguwar Birni, nan Damagaram. Da an ji wani ɗan wasa ya yi abin kunya, sai dattawa su ce waƙoƙin zamani ne suka ɓata shi, samari su ce ba haka ba ne. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake gani.

Daga ina zargin ya taso?

Ya fi ƙarfi a Amurka. A watan Nuwamba na 2004 faɗa ya kaure a wasan ƙwallon kwando tsakanin Detroit Pistons da Indiana Pacers, har ƴan wasa suka haura wurin ƴan kallo ana ba hamata iska. Aka dakatar da Ron Artest, ɗan wasan Pacers, har ƙarshen kakar. A 2005 shugaban NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, David Stern, ya kafa dokar sutura wadda ta hana rataya sarƙa a kan riga da ɗaure kai, kuma kowa ya gane shigar mawaƙan rap ake nufi. A 2023 ma wani ɗan wasan NBA, Ja Morant, ya nuna bindiga a Instagram har sau biyu, aka dakatar da shi wasa 8, daga baya wasa 25. A bidiyo na biyu yana cikin mota ne, kiɗa na tashi.

Ke nan waƙar ce ta sa su?

Ban yarda ita kaɗai ce ba. Ɗan ƙwallon ƙafa George Best ya yi tashe a shekarun 1960, kafin duniya ta san rap, kuma giya ce ta cinye shi. Maradona an dakatar da shi wata 15 a 1991 saboda hodar ibilis. Ga kuma dubban ƴan wasa da ke jin waɗannan waƙoƙin kullum, ba a taɓa jin sunansu a cikin rigima ba.

Amma ai kiɗa yana zuga mutum?

Ƙwarai kuwa, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa ya ga yadda ɗan kokowa ke tsuma in makaɗi ya buga takensa. Jikinsa na rawa, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ambaci garinsu da waɗanda ya kayar. A dambe ma haka Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago. Tun 1975 da aka fara gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, a Tawa, ba a raba kokowa da ganga ba.

Sai dai a duba abin da makaɗin ke yabo. Ƙarfi yake yabo, da juriya, da asali, da fitar da jaharka kunya. Shi ya sa za ka ga an kayar da ƙato, ya tashi ya kakkaɓe ƙasa ya rungumi wanda ya kayar da shi. Wannan rungumar tana taɓa ni duk lokacin da na gan ta. To idan waƙar da yaro ke ji safe da yamma bindiga take yabo, da ƙwaya, da wulaƙanta mata, ita ma tana koya masa abin da ake kira namiji. Ba ta sa masa bindiga a hannu, amma tana cire masa kunyar riƙe ta. A nan na ba dattawa gaskiya.

To me ya fi lalata su?

Kuɗin farat ɗaya da rashin mai tsawatarwa. Yaro bai kai shekara 20 ba ya fi mahaifinsa da kawunnansa samu, kowa na ci a hannunsa. Wa zai ce masa bari? Sai ya wayi gari kewaye da ƴan amshin Shata, duk abin da ya yi a ce daidai ne, ranka ya daɗe.

Mu a Damagaram abin ya shafe mu?

Ya shafe mu. Samarin da ke ɗaga ƙarfe a unguwanni suna kwaikwayon shiga da tafiyar mawaƙan waje, wasu kuma sun faɗa shan tramol don su ji ƙarfi. Amma zaman banza da barin lakwal sun riga waƙar zuwa. Yaron da ke da sana'a da mai horarwa da yake jin nauyinsa, da wuya waƙa ta ja shi zuwa faɗan daba.

A hana su ji ke nan?

Ba zai yiwu ba, tana cikin salular kowane yaro. Abin da nake yi da ƙanena mai buga ƙwallo shi ne in ce ya fassara mini abin da mawaƙin ke faɗa, baiti-baiti, da Hausa. Akwai waɗanda ya fassara muka ji daɗinsu tare, don zancen wahala da neman na kai ne. Akwai wadda ya kai tsakiya ya yi shiru, ya ce, "Yaya, wannan ba ta faɗuwa a gabanka."