Fetur ɗin Manyan Kantuna a Birtaniya Ba Ya Kashe Inji

An daɗe ana raɗe-raɗi a Birtaniya cewa fetur ɗin da manyan kantuna irin su Tesco da Asda ke sayarwa yana lalata inji, wai shi ya sa yake da sauƙi. Araha ba ta ado, haka ne, amma a nan zancen bai zauna ba.

Ƙa'idar ingancin fetur ɗaya ce, mai suna BS EN 228, ta hau kan kowane gidan mai, har Shell da BP. Sau da yawa ma daga ma'ajiya ɗaya tankokinsu ke yin lodi. Bambancin yana ga sinadaran wanke inji da kowane kamfani ke zubawa. Sauƙin farashin kuwa dabarar kasuwa ce: ka zo shan mai, ka faɗa kanti ka cika kwando.