Salamanda ba kulɓa ba ne, ga amsoshinku ku ƙyale ni

Tun ranar da na nuna hoton ɗan salamandan nan mai jan layi a gadon baya a lesin ɗinmu na yamma a Samaru ban huta ba, tambaya ɗaya sai mutum goma sun yi min ita. To ga su nan gaba ɗaya.

Malam, wannan ai kulɓa ce ko?

A'a. Kama da wane ba ta wane. Kulɓa da tsaka da ƙadangare fatarsu busasshiya ce. Shi salamanda fatarsa kullum a jiƙe take, ba shi da farata, ɗan'uwan kwaɗo ne.

Akwai shi a Zariya?

Babu, duk Najeriya ma babu. Danginsa a Afirka sai can arewa, Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Wanda na nuna muku, mai suna Plethodon cinereus a kimiyyance, na dazukan gabashin Amurka da kudancin Kanada ne, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da kututture yake kwana. Masu zuwa bakin rafin Kubanni suna ɗaga duwatsu wai nemansa suke, ku daina, kunama za ku tarar.

Da gaske ba shi da huhu?

Sau nawa zan faɗa? Ba shi da shi. Ta fata da cikin baki yake shan iska, kuma sai da danshi hakan ke yiwuwa. Fatar ta bushe, numfashi ya tsaya. Shi ya sa sai da dare ko bayan ruwan sama yake fitowa kiwo.

Yayana na karatu a Amurka, in ya kawo min ɗaya zan iya kiwonsa a gida?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, don mai yinta da gaske yake. Ba zan ce sam ba ya yiwuwa ba, a can akwai masu ajiye shi cikin akwatin gilashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganye da ɓawon itace, amma ƙanena ka duba inda kake zaune. Dabba ce mai son sanyi, ɗaki ya wuce digiri 20 ta fara takura, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi yakan haura 35, sai dai in kana da AC da ba ya mutuwa, kuma ka san in aka ɗauke wuta da rana tsaka ba mai ce maka ga lokacin dawowarta. Ka ce to hunturu fa, ai akwai sanyi? Akwai, amma busasshen sanyi ne, iskar da ke fasa maka leɓe da kaushin ƙafa duk da man da kake shafawa, ya kake ganin za ta yi da abin da fatarsa ce huhunsa? Sai kana fesa ruwa a kai a kai, ruwan ma ba na famfo mai kulorin ba, wataƙila na sama da aka tara ya fi. Abinci kuma sai mai rai, ƙanana ƙwarai, kiyashi, gara, ƴan gizo-gizo, ƙananan tana. Wannan kam za ka iya samu da damina, da rani ne aiki. Ga maganar doka, namun daji ba a sako su cikin jaka a hau jirgi haka kawai, ƙasashe sun tsaurara tun da wata cutar fata ta kusa ƙarar da wani jinsin salamanda a Holan, har Amurka ta hana shigar da jinsi 201 cikin ƙasarta a 2016. Mai kuɗi da sola da haƙuri ƙila ya riƙe shi na ɗan lokaci. Ni dai ban ba ka shawara ba, ka ce wa Yaya ya ɗauko maka bidiyo.

Girmansa fa?

Santimita 6 zuwa 10 har da wutsiya. Bai kai fensir kauri ba.

A ruwa yake ƙwai kamar kwaɗo?

A'a, nan ya bambanta. Uwar tana saka ƴan ƙwai kaɗan, galibi ba su fi goma ba, cikin ruɓaɓɓen icce, ta naɗe jikinta a kansu wajen wata biyu tana gadi, da ƙyar take cin wani abu. Ƴaƴan su fito da ƙafafunsu cif, ba ruwansu da kududdufi.

To miye amfaninsa?

Haba. A 1975 masu bincike a dajin Hubbard Brook na jihar New Hampshire sun gano nauyin salamandojin dajin in aka tara ya ninka na tsuntsayen wurin, kuma mafi yawansu wannan ɗan ƙaramin ne. Ka lissafa ƙwarin da suke cinyewa.

Yana da dafi? Hajiyarmu ta ce duk mai kama da tsaka kar a yarda da shi.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta kwantar da hankalinta. Fatarsa na fitar da wani yauƙi da ke hana maƙiya jin daɗin cinsa, amma ba ya cutar da mutum, kai ne ma man hannunka da gishirin guminka za su cutar da shi. In aka cafko wutsiyarsa yakan katse ta ya gudu ya bar ta tana mutsu-mutsu, wata ta tsiro daga baya. Eh, kamar tsaka. A'a, har yanzu ba tsaka ba ne.