Waiwaye: Yadda zaren kabon ya fara ture itace daga jikin bindigar farauta

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Kaduna ya san halin ƙofar katako a watan Agusta. Takan kumbura har sai ka sa kafaɗa kafin ta rufu. Hunturu na shigowa kuma ta tsuke, ka riƙa hango tsakar gida ta tsagar da ta bari. Wannan halin na itace, ya sha ruwa ya amayar, shi ne tushen muhawarar da maharban duniya ke yi yau kan bindigar da aka yi wa jiki da zaren kabon, wani baƙin zare mai ƙarfi da ake daskarar da shi da gam. Masu talla sun fi son zancen rashin nauyi, amma shi nauyi daga baya ya shigo maganar.

Abin da ya tuno mini batun shi ne wata ziyara da na kai wa wani tsohon maharbi, abokin mahaifina, a Rigasa. Na same shi a gindin darbejiya da adakarsa a kan cinya, yana shafa wa ƙarfen baƙin mai, itacen kuma man kaɗanya. Sai jikansa ya miƙo waya, ga wani Bature a bidiyo ya ɗaga doguwar bindiga da yatsu biyu.

"Tsoho, ka ga ta zamani. Ko kilo uku ba ta kai ba, kai kana fama da taɓarya."

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. "To abokina, ranar da ta tsage, wane masassaƙi za ka kai wa?"

Bindiga dai ƙarfe ce da itace. Ƙarfen shi ne bututu da wajen kunama, itacen kuma shi ne ƙota, tun daga gindin da ake tokarewa a kafaɗa har zuwa inda hannun hagu ke tallafe bututu. Shekaru ɗaruruwa Turawa ba su da itacen da ya kai musu walnot. Ba shi da nauyin tsiya, ba ya tsagewa idan bindiga ta yi naushi, yana karɓar sassaƙa, ga shi da kyan zane idan ya sha mai. Har gobe manyan bindigogin da ake yi wa attajirai a Landan da Italiya da shi ake yi, kuma guntun katako ɗaya mai kyan zane kan fi wata bindigar sukutum tsada.

Mu a nan, bindigar da ta zauna a hannun maharba ita ce wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawa na kiranta bindigar Denmak, saboda fataken ƙasar da suka yi ciniki a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman daga ganuwarsu ta Christiansborg da ke Akara. A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a Brasels wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa adaka ta yi kaka-gida. Maƙera suka koyi ƙera ta, masassaƙa suka riƙa fitar da ƙota daga itatuwan dajinmu masu tauri irin su maɗaci. Ko sunan da wasu ke kiranta da shi, baushe, sunan itace ne da aka sani wajen yin baka. Ita ce kuma 'yan bindigar sarki ke cika gari da ƙararta ranar hawan sallah a Zazzau.

Kumburin itace bai cika damun mai adaka ba. Tarin ƙananan ƙarafa yake watsawa daga taku ashirin ko talatin, idan ƙota ta ɗan karkace ba zai ma lura ba. Wanda abin ya dama shi ne mai bindigar harsashi ɗaya da ke auna abu daga mita 300. Itace ya sha laima, ya murɗe kaɗan, ya danni bututu ta gefe guda, shi ke nan harsashin da ya sauka daidai a watan Janairu sai ya kauce a watan Agusta, alhali maharbin bai canja komai ba.

Sojoji ne suka fara neman mafita, don su ne ke kwana da bindiga cikin ruwan sama. Daga ƙarshen shekarun 1930 Jamus ta koma yi wa bindigarta Karabiner 98k ƙota da siraran falle-fallen katako da aka manne da gam, irin dabarar filawud, saboda ba ya murɗewa kamar katako guda kuma bai buƙatar zaɓaɓɓen walnot. A 1959 kamfanin Remington na Amurka ya fito da Nylon 66, ƙaramar bindiga mai jikin roba da kamfanin DuPont ya haɗa, aka kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya. Amma inda itace ya fi jin kunya shi ne Biyetnam. Sojojin kundumbala na ruwa na Amurka sun yi yaƙin da bindigar gwanayen harbi M40 mai ƙotar katako, laimar dajin ta riƙa murɗe ta. Da aka sake fasalinta a shekarun 1970 sai aka sa mata ƙotar faiba ta Gale McMillan, mutumin Arizona. Faibar nan ita ce dai wadda masu gyaran bambar mota ke shafawa da gam, zaren gilashi ne. Daga nan maharba suka ɗauka.

(A gefe guda, mu ma Kaduna muna da namu kason a wannan tarihi. Masana'antar makamai ta DICON da ke Kakuri an kafa ta a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ya gina ta, kuma cikin bindigogin farko da ta haɗa akwai BM59 ta kamfanin Beretta na Italiya, mai ƙotar katako.)

Shi kuwa zaren kabon, ba don bindiga aka ƙirƙiro shi ba. Idan aka bi salsala, a 1879 Thomas Edison ya gasa zaren auduga har ya zama gawayi ya sa shi cikin ƙwan lantarki, daga baya ya koma amfani da gora. Wannan zaren haske kawai yake bayarwa, ba shi da ƙarfin ɗaukar komai. Sai a 1958 Roger Bacon, mai bincike a kamfanin Union Carbide a jihar Ohayo, ya samar da zare mai ƙarfin gaske. Akio Shindo a Osaka ta Japan ya gano cewa wani zaren roba da ake kira PAN, dangin wanda ake saƙa rigar sanyi da shi, ya fi dacewa a gasa. A 1963 masu binciken jiragen sama na Ingila a Farnborough suka inganta hanyar. Har yau kusan kashi 90 cikin 100 na zaren kabon daga PAN ake yin sa. Ana fara ɗumama shi cikin iska a zafin digiri 200 zuwa 300, sannan a gasa shi a fiye da digiri 1,000 inda babu iskar da zai kama da wuta, har kusan komai ya ƙone sai kabon. Silin da ke fitowa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ana saƙa shi kamar yadi, a jiƙa da gam mai ƙarfi, a shimfiɗa cikin mazubi, a gasa ya daskare.

Farkon fitarsa bai zo da sa'a ba. Kamfanin Rolls-Royce ya yi fukafukan injin jirginsa RB211 da shi, aka zo gwajin karo da tsuntsu, aka harba musu kaza, suka tarwatse. Wahalhalun wannan injin ne suka durƙusar da kamfanin a 1971 har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi. A shekarar ce kuma kamfanin Toray na Japan ya fara sayar da zaren, kuma kasuwarsa ta farko sandar kamun kifi ce da sandar wasan golf. A 1981 kamfanin McLaren ya yi jikin motar tsere da shi. Jirgin Boeing 787 kusan rabin nauyinsa irin wannan haɗin ne.

A shekarun 1980 ya iso wajen maharba. Melvin Forbes na jihar West Virginia ya fara sayar da bindigogi a 1985 masu ƙotar kabon da Kevlar (zaren da ake yin rigar sulke da shi), nauyinsu bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba, a lokacin da bindigar farauta mai katako ke kai kilo uku da rabi zuwa huɗu. Shekara goma bayan nan, a 1995, Roland Christensen na jihar Utah, injiniyan da ya riga ya ƙware wajen yi wa guragu ƙafar kabon, ya naɗe bututun bindiga da zaren. Su wa ke saye? Masu hawa duwatsun yammacin Amurka da Alaska neman tumakin dawa da manyan barewa, waɗanda kan yi kwanaki da kaya a baya don harbi ɗaya tak. Ga irin wannan mutum, rage kilo guda ba ƙaramin abu ba ne. Ka ga ke nan nauyi ciwon wasu ne na musamman, ba na kowane maharbi ba.

Akwai abin da tallar ba ta cika faɗa ba. Idan aka yanko gunduwa daidai wa daida, kabon da gam ɗinsa ya ninka walnot nauyi fiye da sau biyu: shi yana wajen giram 1.6 a kowace gunduwa mai siffar ƙwayar sukari, santimita guda ta kowane gefe, walnot kuwa wajen 0.6. Ƙarfe ne mai kusan 7.8. Dabarar ita ce ƙotar kabon ƙwarya ce, ɓawo siriri mai tauri, cikinta fanko ko an cika da soso. Shi ya sa take tsayawa a rabin kilo da ɗoriya inda ta katako ke kai kilo guda. Haka bututun: ba kabon ne harsashi ke bi ba. Siririn bututun ƙarfe ne a ciki, kabon riga ce da ke ba shi kauri da tauri ba tare da nauyin ƙarfe ba. Idan ƙarfen ciki ya cinye, bututu ya mutu kamar kowane bututu. Batun ko rigar na taimaka wa zafi fita ko riƙe shi take yi, har yanzu kamfanoni da maharba na ja-in-ja a kai.

Sannan rashin nauyi na da ladansa da zunubinsa. Harsashi iri ɗaya, idan ka rage sulusin nauyin bindiga, ƙarfin naushin da kafaɗa za ta sha ya ƙaru da rabi. Lissafi ne, ba ra'ayi ba. Bindiga marar nauyi kuma ta fi rawa a hannun wanda ya hau tudu yana haki. Tsofaffin maharbanmu ba su karanta wannan a takarda ba, amma sun san taɓaryar nan da jika ke yi wa dariya ita ke sa bindiga ta kwanta. A ganina, inda kabon ya yi nasarar da ba gardama shi ne inda faiba ta riga ta yi: ba ruwansa da damina, ba ruwansa da hunturu, gara ma ba ta san da zamansa ba. Sauran fa'idar ta mai hawa dutse ce, a kan farashin da yakan ninka na bindigar yau da kullum sau biyu ko uku. A kula kuma, ba duk abu mai zanen saƙar tabarma baƙi ne kabon ba. Irin ledar da ake manna wa motoci da bayan waya, zanen ne kawai, kuma ana yi wa ƙotar roba irin wannan kwalliya.

To ina mutumin Kaduna a cikin wannan duka? Galibi a waya yake ganinta. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da fistol, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsu mai kwanso da ta farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗurin baki, su adaka, da Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba wa izini. Wanda ya sayo ko da kayan bindiga ne daga waje ba tare da takarda ba, ya sayo wa kansa shari'a. Dajin ma ya canja. Gandun Kamuku na yankin Birnin Gwari, da ya zama gandun ƙasa a 1999, farauta haramun ce a cikinsa, kuma shekarun da aka kwashe ana fama da ɓarayin daji sun mai da maharba da yawa 'yan sintiri maimakon masu neman gada da zomo.

Itacen kansa ba kamar da ba. Madobiya ta sha sara ana lodin ta zuwa Sin, har ta kai an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa, ke sa wa ido daga 2017. Manyan maɗatai kuma masu katako da masu sassaƙe ɓawo don magani sun rage su. Masassaƙin da ke neman gungume mai kauri wanda ya bushe da kansa yanzu sai ya yi tafiya.

Tsohon na Rigasa ya ce wannan ce ƙota ta uku a kan bututunsa. Ta farko gara ta ci, ta biyu ta tsage a wuya ranar da ya zame a bakin rafi. Kafin in tashi ya sa jikan ya shiga zaure ya sauko da wani guntun maɗaci daga saman azara, ya sha ƙura da yanar gizo-gizo. Hunturun da ya wuce na biyu ke nan da ajiye shi. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa, ya kara kunne, ya ce a mayar, da sauran ruwa a cikinsa.