Me aka yarda a haɗa mutum-mutumi da shi a gasar ɗalibai?

Malamai da iyayen yara a Legas sun fara kai 'ya'yansu gasar haɗa mutum-mutumi, musamman FIRST LEGO League, wadda aka kafa a 1998 kuma gidauniyar Coderina ke shirya ta a Najeriya. Inda aka fi samun saɓani shi ne batun kayan da aka halatta.

Bulo na roba da ake sayarwa a kasuwa, masu kama da LEGO, za su shiga?

Ba za su shiga ba. Dokar ta ce kayan su zama na kamfanin LEGO, kuma yadda suka fito daga masana'anta. Abin da zafi, domin na asali da dala ake sayensa, ga kuɗin fito, alhali na kwaikwayo yana nan da araha a kasuwannin Legas. Amma gane su ba wuya: bulon asali yana ɗauke da sunan LEGO a kan 'yan ƙusoshinsa. Malam, gara ka zauna da yara ku tsince jabun tun a makaranta, da a ce alƙali ne zai tsince su a gaban jama'a yaro yana hawaye.

Gam fa, ko salatif, ko fenti?

Duk an hana, har da man da ake sa wa haƙoran inji don su yi santsi. Yankawa ma haramun ce, sai zare da tiyo na LEGO, waɗanda aka yarda a rage musu tsawo.

Inji nawa za a sa?

Ƙwaƙwalwa ɗaya, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa mutum-mutumin, da injunan juyawa huɗu a kowane zagaye na minti biyu da rabi. Nan ne ƙungiyoyi ke yin tuntuɓe. Sukan ɗauka huɗun na jikin mutum-mutumin ne kawai, sai su zo da na biyar maƙale a wani hannu da za a sauya a tsakiyar wasa. Lissafin ya haɗa duk abin da aka kawo teburi. Ƙwaƙwalwar SPIKE Prime, wani samfurin kayan mutum-mutumi na LEGO, tana da kafofi shida na jona waya, amma yawan kafa ba izini ba ne.

An ce abin da doka ba ta ambata ba halal ne. Gaskiya ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta kashi biyu ce. A dabarar wasa, haka ne: in an ce a kai kaya wani wuri ba a faɗi yadda za a kai ba, yaro na da damar turawa, ko ja, ko ɗagawa. A nan ake son basirarsa ta fito. A batun kaya kuwa abin ya juya: an riga an ja iyaka, duk abin da ke wajenta ba ya shiga ko da ba a kira sunansa ba. Ba wanda ya rubuta "kada a sa robar ɗaure kuɗi", amma tunda ba LEGO ta yi ta ba, magana ta ƙare. Ni a ganina wannan adalci ne, don shi ke hana makarantar masu hali ta saye nasara da kayan da ɗan talaka ba zai samu ba.

Dokar bara tana aiki bana?

Kada a dogara da ita. Kowace kakar gasa da littafin dokokinta, kuma ana fitar da gyare-gyare a intanet waɗanda suka rinjayi littafin. Haka nan dokar wata gasa, kamar VEX ko World Robot Olympiad, ba ta aiki a wannan.

In har yanzu da shakka?

A ɗauki hoton kayan, a rubuta wa masu shirya gasar tun da sauran makonni, a ajiye amsar. Ranar gasa hukuncin babban alƙali ne na ƙarshe, don haka a tafi da wani hannun da ba shi da wannan kayan, ko da za a ce a cire.