Ciwon Gaɓar Muƙamuƙi da Cizon Haƙora

Gaɓar muƙamuƙi ita ce mahaɗar da ke haɗa ƙashin muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, dab da gaban kowane kunne. Guda biyu ce, hagu da dama, kuma tare suke aiki. Tana buɗewa, tana kuma zamewa gaba da gefe, saboda wani faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan biyu. Wanda ya ɗora yatsa gaban kunnensa ya buɗe baki zai ji motsinta.

Ciwon wannan gaɓa ya ƙunshi matsaloli da dama, na ƙashin, na faifan, ko na tsokokin tauna. A 1934 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Amurka, James Costen, ya danganta wasu ciwon kunne da ciwon kai da wannan gaɓa, har aka daɗe ana kiran matsalar da sunansa. Ya ɗora laifin kan rashin daidaituwar haƙora, amma yau likitoci na ganin wannan ɗaya ne kawai cikin dalilai da yawa. An fi samun ciwon ga mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40.

Alamominsa sun haɗa da zafi gaban kunne, ciwon kai a gefen goshi, gajiyar baki wajen tauna, da ƙara "ƙas" idan aka yi hamma. Wani lokaci bakin kan kasa buɗuwa sosai. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsu uku a jere. Mutane da yawa kan fara zuwa wurin likitan kunne, a duba a ce kunne lafiya lau. Ƙarar da ba ta tare da zafi kuwa ba ta buƙatar magani.

Cizon haƙora na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Iri biyu ne: na barci, wanda mai shi ba ya sani sai abokin kwanansa ya gaya masa, da na farke, inda mutum ke datse haƙora idan yana cikin damuwa ko ya duƙufa kan aiki. Haƙora kan lalace a hankali, samansu ya baje, su riƙa tsami da ruwan sanyi. Damuwa, sigari, giya, yawan shan kofi, wasu magungunan baƙin ciki, da ɗaukewar numfashi cikin barci duk suna ƙara shi. Goro ma yana da hannu a ciki ta fuska biyu: yana hana barci, kuma taunarsa na gajiyar da gaɓar. Yara kan yi cizon haƙora da dare, galibi su daina da girma. Iyaye kan ce tsutsar ciki ce, sai dai hujjar hakan ba ta da ƙarfi.

Yawancin masu ciwon kan samu sauƙi ba tare da tiyata ba. Ana hutar da muƙamuƙi na ɗan lokaci: a koma tuwo mai laushi, kunu da fate, a bar kilishi, rake, aya da cingam. Gashi da tsumma mai ɗumi, tausa, motsa jikin da likitan gashin ƙashi ke koyarwa, da magunguna irin su ibuprofen suna taimakawa, amma mai gyambon ciki ya tambayi likita tukuna. Ga mai cizon barci, likitan haƙori kan auna masa wata roba da zai riƙa sawa da dare. Ba ta hana cizon, kare haƙora take yi. Allurar Botox mai sassauta tsoka, wanke gaɓar da allura, da tiyata sai an gwada saura an kasa. Gurza haƙora don "daidaita" su abu ne da ya kamata a yi hattara da shi, tun da abin da aka gurje ba ya dawowa.

Sandarewar muƙamuƙi bayan rauni na iya zama tetanus, wato sarƙe-haƙora. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji da gumi na iya zama ciwon zuciya. Haka kumburi da zazzaɓi, ko bakin da ya goce ya ƙi rufuwa: duk waɗannan a garzaya asibiti.